Rumfar farfesun naman daji a hanyar Yawuri: ku ci zabo, ku ƙyale barewa

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Yawuri ya san cewa da an wuce Koko yunwa ke fara sallama. Ni fataucin albasa nake yi, daga Aliero nake ɗauko ta, saboda haka da wuya a sami wurin cin abinci a bakin titin nan da ban taɓa zama a bencinsa ba. Kafin a shiga Yelwa akwai wata rumfar kwano inda wani dattijo ke sayar da farfesun naman daji. Ba allo, ba suna, direbobi dai sun san ta. Abokan sana'a sun ishe ni da tambayar ko wurin ya cancanci a taka birki, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Farfesun kam babu na biyunsa a wannan hanya. Tukwane uku ne a kan murhu: ta zabo, ta zomo, sai ta ukun da ake kira ta barewa. Naman yakan zo masa a kyafe, sai ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya kankare baƙin hayaƙin da wuƙa, ya ɗora tun da hantsi a kan wutar da ba ta da ƙarfi. Kayan yajin shi da kansa yake dakawa, masoro da kimba da citta da kanumfari da 'yar daddawa, kuma ba ya zuba dunƙulen miya barkatai yadda wasu ke yi har harshen mutum ya mutu. Romon yana da kauri, yana kama cokali. Zabon daji an san shi da tauri, amma a nan da yatsu biyu kake zare tsoka daga ƙashi. Akwai wata baiwar Allah a gefe tana toya masa. Sayi mai zafi, yayyaga ta cikin romon, ka bar ta ta sha kafin ka kai baki. Wanda ya ci da burodi ya cuci kansa.

Abin da ya fara zaunar da ni a wurin ma ba daɗin ba ne, maganar yanka ce. Naman daji akwai shubuha a cikinsa, domin abin da tarkon waya ya shaƙe ya kwana a daji mushe ne, kuma da an kyafe shi ba mai iya ganewa. Baba mai rumfar tsohon maharbi ne, ya san masu kawo masa ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga lokacin da ya mayar wa wani yaro zomaye saboda bai ga alamar wuƙa a wuyansu ba. Naman gadu ba ya shiga rumfarsa. Gafiya yakan karɓa wa masu so, ni dai tunda ake ta maganar zazzaɓin Lassa na sallama duk wani dangin ɓera.

To, sai tukunya ta uku.

Yaron da ke zuba wa mutane, duk abin da ke cikinta barewa yake kiransa, kuma kuɗin kwano ɗaya ya sayi na zabo biyu har a ba ka canji. Wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin barewa da gada. Barewa ja ce, cikinta fari, da siririn baƙin layi a gefen haƙarƙari, ƙafafu dogaye, ƙaho mai gaɓa-gaɓa. Gada kuwa 'yar ƙarama ce, launinta ya fi karkata ga toka, da ɗan tukku tsakanin kunnuwa da baƙin tsagi a ƙarƙashin ido. A da masu wannan sana'a kan rataye kan dabbar ko fatarta a bakin rumfa don mai saye ya gani da idonsa. Yanzu ba kai, ba fata, sai gunduwa-gunduwa baƙi ƙirin. Ƙashin ƙafar da na tsamo daga kwanona bai kai tsawon tafin hannuna ba, na ɗaga na nuna wa dattijon. Bai yi musu ba.

"Alhaji, wagga gada ta," in ji shi. "Barewa ta yi wuya. Yaro na, sunan da mutane suka saba shi ka kira musu."

Na yaba da gaskiyarsa, amma gaskiyar da sai an tambaya take fitowa rabi ce. Baƙon da bai san ƙashi ba zai biya kuɗin barewa ya ci gada ya tafi yana ba da labari. Duk da haka gara nan da wasu rumfunan da na sani, inda ɗan akuya ake kyafewa ya sha hayaƙi kwana da kwanaki, a wayi gari ya zama naman daji.

Rumfar matattarar mafarauta ce, saboda haka labarin farautar bana a kunnena aka yi shi. An fita kamar yadda aka saba, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, an buga ganga, Sarkin Dawa ya sa rana. Motoci cike da samari da karnuka da gora da barandami. Abin da aka dawo da shi: zomaye, kurege, damo, gafiya, zabi da fakara, sai gada jefi-jefi. Barewa ko ɗaya ban ji wanda ya ce ya kayar ba, sai mutum guda da ya rantse ya ga sawunta. Baba ya ce a zamanin ƙuruciyarsa, wanda ya dawo daga farauta da kurege ɓoye shi yake yi a burgami don kada 'yan mata su yi masa waƙa. Ya lissafo mini mariya da kanki da mazo da gwanki da batsiya, ya ce yaran da ke bin ganga yau akasarinsu a kirari kawai suka san su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai yawo a hanya. Dajin da nake wucewa ina yaro yanzu gona ce har inda ido ya tsaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 fadamu suka cika da injin ban-ruwa, rani da damina, kuma a fadamar nan ne namun daji ke sauka shan ruwa idan zafi ya tsananta. Ni ba na zagin shinkafa, ita ta rufa wa gidaje da yawa asiri, amma gaskiya ce. Ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane buhu itace ne da aka sare. Ga wutar da ake cinna wa daji don a kori zomo ɗaya. Ita ma farautar ta canja: a da ƙafa ce da kare da baka, yanzu babur ne da cocila mai kashe ido da dare. Barewa kuwa ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wajen wata shida, ba kamar zomo ko gyazbi ba da ke zubo 'ya'ya. In aka kashe mai ciki a bazara, biyu aka kashe. Ɗana da ke karatu a jami'ar Aliero ya nuna mini a wayarsa cewa ƙungiyar IUCN, mai kula da lissafin halittun duniya, ta daɗe da sa barewar yankinmu cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Wani direba a wurin ya kawo hujjar cewa ai yanzu namun sun huta, tunda manyan dazuzzuka irin su Kuyambana a Zamfara da Kamuku ta Birnin Gwari ba maharbin da ke iya shiga saboda 'yan bindiga, mafarauta da yawa ma sun koma aikin sa-kai suna gadin garuruwansu. Baba dariya kawai ya yi, ya ce su waɗanda ke cikin dajin da manyan bindigogi ciyawa suke ci? Na fi yarda da shi. Gandun Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, tun 1979 yake hannun gwamnatin tarayya kuma farauta a cikinsa laifi ce. Dokar namun daji ta Arewa tun 1963 take, an yi wata ta tarayya a 1985 aka gyara ta a 2016. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Amma muddin akwai mai mota da zai tsaya ya ce a zuba masa barewa ko nawa ne, akwai yaron da zai hau babur ya nemo ta ko daga ina. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a wannan ciniki mu masu kwano a hannu ne marataya. Shi ya sa na daina tambayar tukunya ta uku, ko da gada ce a ciki, tunda ita ma sawun 'yar uwarta take bi.

Sauran koke-koken ƙanana ne amma a sani. Ƙudaje suna da yawa da rana tsaka. Ruwan wanke hannu roba ɗaya ce kowa ke tsomawa, ni butata nake sauka da ita. Ba a faɗin farashi sai ka tambaya, kuma babbar riga tana ƙara kuɗi, don haka a yi ciniki kafin a zuba. Akwai tabarmar sallah da inuwa, amma makewayi sai an ɗan taka. Mai ciwon gyambon ciki ya ce a rage masa romo, yajin ba na wasa ba ne.

A isa tsakanin azahar da la'asar, domin zabo shi ke fara ƙarewa, musamman ranar kasuwa. A riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya a wurin yana zuwa yana tafiya, kuma Baba ba ya son jin kalmar taransifa. Wanda zai tafi wa iyali da shi ya zo da kularsa, leda ce kawai suke da ita.