Tsando ne ko ƙudan garke?

Malam, ka ce wani ƙuda mai tsinin baki ya addabi shanunku a wajen Marwa ta arewacin Kamaru, suna ta buga ƙafa sun kasa kiwo, kana tsoron ko tsando ne. Yadda ka kwatanta shi, na fi zaton ƙudan garke ne, wanda likitocin dabbobi ke kira Stomoxys.

Bari ya sauka tukuna, ka dubi fukafukansa. Tsando in ya sauka sai ya haɗe su, ɗaya bisa ɗaya, su kwanta a bayansa har su zarce cikinsa. Na garke kuwa a ware yake barin nasa, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙudan gida sai an ji cizo. Bakin kam ba ya raba gardama, dukansu biyu tsininsu gaba yake kallo, kuma mace da namiji duk jini suke sha.

In ka kama ɗaya, ɗaga fiffiken ka haska da fitilar waya. A tsakiyar na tsando, jijiyoyin sun zana siffar gatari, kai da ƙota. Ba wani ƙuda mai wannan alama. Girma ma ya bambanta: na garke bai cika wuce milimita 7 ba, toka-toka ne, da ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, tsando kuwa ruwan ƙasa ne, wani jinsin yakan kai 14.

Sai wurin zama. Tsando na son inuwa da kurmin bakin rafi, irin na Faro da gangaren Adamawa ta Kamaru, inda aka yi ta feshi da jirgin sama daga 1976. Macensa ba ta zuba ƙwai, tsutsa ɗaya take haifa kusan duk kwana goma. Wannan ƙarancin haihuwa ne ya sa tarko ke cinsa da sauri. A Mandul ta kudancin Cadi, ƙananan ƙyallaye masu shuɗi da aka shafa wa magani sun taimaka ƙwarai, har a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ciwon barci, wanda tsando ke yaɗawa, ya daina zama barazana ga jama'ar ƙasar.

Amma kada ka ce tunda ba tsando ba ne, shi ke nan. Ƙudan garke na iya kwasar ƙwayar sammore a bakinsa daga saniyar da aka kore shi ya kai wa ta kusa, balle in garken ya yi rani a kudu, inda tsando yake. Saniya mai ramewa da hawaye, a nuna wa likita. Shi kuma ƙudan, a ruɓaɓɓen harawa da ya jiƙe da fitsari da kashi yake hayayyafa. A riƙa kwashe shi duk mako a baza a rana.