Ajin kemistiri na WhatsApp: malamin ya iya, amma amsoshinsu sun ɓata min rai

Na biya wa ƙanwata kuɗin ajin nan na kemistiri da ake ta talla a WhatsApp, wanda malamin ke bayani da Hausa, saboda tun tana SS1 tsarin atam ya tsaya mata a wuya.

Bidiyon farko wallahi ya burge ni. Malamin ya zana sodiyam a allo, firoton 11 a tsakiya, ilektiron 2, 8, 1 a kewaye, sai ya sa yatsa ya goge ɗayan nan na waje, ya ce yara su sake ƙirgawa. Firoton 11, ilektiron 10. Nan take yarinyar ta gane inda alamar + ta fito a Na⁺, wato sodiyam da ya rasa ilektiron ɗaya, abin da ta daɗe tana hadda ba ta san dalilinsa ba. Kulorin mai 2, 8, 7 ya karɓi wanda aka yar ya zama Cl⁻, suka manne da juna, gishirin miya ke nan. Har na riƙa yi wa mutane tallar ajin.

Sai aka turo takardar atisaye da amsoshi. An tambayi ilektiron nawa ne a Mg²⁺. Ta rubuta 10, don magniziyam 12 gare shi, ya ba da biyu. Amsarsu kuwa 14! Wato wanda ya haɗa takardar ya ga alamar tarawa ya ƙara biyu kawai. Ta kawo min waya idonta ya ciko, wai ashe har yanzu ba ta gane ba, har ta soke amsarta ta daidai da jan biro. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Da na bi sauran, na tarar an ba kulorin-35 niyutiron 17, alhali 35 ɗin jimillar firoton da niyutiron ce, idan ka cire firoton 17 daga 35 saura 18.

Na yi sallama a gurup, na nuna kuskuren cikin ladabi, har da lissafin. Admin ya goge saƙon, ya biyo ni ta gefe wai kada in rikita ɗalibai. Haba! Yaran da za su zauna WAEC da JAMB, an bar su da 14 a ka, kuma ni ne mai rikitarwa? Na tura wa malamin da kansa, ya karanta, shiru. Ga bidiyoyin da cin data, ga darasin aisotof da aka yi alkawari har yau ba mu gani ba.

Wanda zai biya ya biya don bidiyon, amma ya samu mai duba wa yaronsa amsoshin. Ni dai ba zan tura kuɗin wata mai zuwa ba sai sun fito gurup sun gyara a gaban kowa.