Kai Babur daga Yamai zuwa Tawa: Kamfanin Kar ko Direban Kamiyo?

Tsakanin Yamai da Tawa akwai kusan kilomita 550, ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kuma mai son aika babur yakan zaɓi tsakanin kamfanin kar (manyan motocin fasinja) mai sashen aika kaya da direban kamiyo da ake samu a tasha.

Ƙarfin kamfani yana cikin takarda. Ana rubuta lambar babur, a ba mai kaya rasit, wanda zai karɓa kuma ya nuna katin shaida, ta yadda idan madubi ya fashe ko tanki ya lotsa akwai ofishin da za a koma. Sai dai kuɗinsa yakan fi yawa, kuma ba kowane kamfani ne ke karɓar babur ba, don haka a fara tambaya.

Direban kamiyo ya fi sauƙin kuɗi, ana kuma yin ciniki, amma ba ya tashi sai lodi ya cika. Abin da ya fi damuna shi ne ɗauri, domin babur da aka jingina da buhunan siminti, aka ɗaure da igiya ɗaya, da wuya ya isa Tawa ba ƙwarzane. Nan amana ce kawai jingina, sai an samu dillali sananne ya tsaya.

Ni dai, in babur sabo ne, kamfani nake zaɓa. Kowanne aka ɗauka, a tsiyaye mai, a ɗauki hoton kowane gefe, a kuma haɗa kwafin takardun babur saboda jandarma da duwan da ke kan hanya.