Kasuwar Portobello: sayen tsohon fil ɗin ado a Landan

Ranar Asabar ce ranar 'yan kayan tarihi a titin Portobello da ke unguwar Notting Hill. A je da sassafe, domin kafin azahar cunkoso ya hana a tsaya a duba kaya. Rumfunan cikin gini sun fi teburan bakin titi kaya na ƙwarai, amma farashinsu da zafi, sai an taya.

A fara juya fil ɗin, bayansa ne ke faɗin shekarunsa. Na zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, galibi maƙalinsa ɗan ƙugiya ne mai siffar C, ba makulli, kuma allurar kan zarce gefen fil ɗin. Irin wannan maƙali yana kwancewa, ga allurar da kauri, tana huda siririn mayafi. In an ga dunƙulen dalma mai toka-toka, gyaran banza aka yi, a rage kuɗi sosai.

A riƙe madubin ƙara girma mai ninki 10 don karanta hatimi. Hoton zaki na nufin azurfa ce ta 925, wato kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce zalla, hoton angar jirgin ruwa kuma alamar ofishin hatimi na birnin Birmingham ce. Zinare mai karat 15 an daina buga masa hatimi a 1932, don haka ya girmi shekarar.

Inda ake shan ruɗu shi ne baƙin dutsen garin Whitby na Ingila, na adon makoki, wanda ya yi tashe bayan rasuwar Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, a 1861. Na asali sakayau yake, ba sanyi a hannu. Mai nauyi da sanyi gilashi ne.