Hayar manhaja ko saye gaba ɗaya: amsa ga mai shagon buga takardu a Wunti

Alhaji, ka ce kana da shagon buga katin biki da fosta a Wunti, cikin garin Bauchi, kwamfuta uku, kuma yaronka ya ba ka shawarar ka daina sayen manhaja ka koma biyan haya wata-wata, wai ya fi sauƙi. Ka tambaya wanne ya fi. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka.

A ranar farko haya ce ke da sauƙi, wannan ba gardama. Ka biya kaɗan, ka fara aiki, duk sabon abin da kamfanin ya fitar ya zo maka. Mai saye kuwa sai ya zube kuɗi masu kauri lokaci guda. Sai dai akasarin waɗannan manhajoji da dala ake yanka farashinsu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riga ya saya ko a jikinsa. Mai haya kuwa ya wayi gari kuɗin wata ya ninka sau uku, alhali Photoshop ɗin nan, manhajar gyaran hoto, dai shi ne, kuma ba zai iya ninka wa mai katin ɗaurin aure farashi haka ba. Ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai.

Inda mutane suka fi cin ƙasa shi ne kalmar "wata-wata". A wajen Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, akwai haya ta wata ta gaskiya, wadda ka ga dama ka tsaya, akwai kuma ta shekara da ake cirar kuɗinta duk wata. Ta biyun ta fi araha a ido, shi ya sa hannu ke saurin kai mata. Amma in ka wuce kwana 14 sannan ka ce ka fasa, rabin kuɗin watannin da suka rage za a caje ka. A kan wannan har gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu a Yunin 2024. Yanzu duba sana'arka: bayan Sallah bukukuwa sun yi yawa, ko kakar zaɓe ta zo, ka ƙara yaro, ka ƙara masa lasisi. Kasuwa ta lafa, yaron ya koma makaranta, lasisin na nan yana cin kuɗi, kuma shekara na cika ya sabunta kansa daga katinka na banki in ba ka kashe ba.

Abin da ya fi damuna da haya dai shi ne ranar rabuwa. Na taɓa karɓar hayar wata manhajar lissafin kaya da bashi daga wani ƙaramin kamfani. Da suka ƙara kuɗi na ce zan tafi, na nemi bayanaina, sai aka turo mini PDF mai shafuka rututu, wanda ba wata manhajar da za ta iya ɗauka. Ni da ƙanena muka kwana biyu, yana karanto suna da bashi, ina shigarwa a Excel, janareta na shan mai. Laifina ne, ban tambaya tun farko ba. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka ce su fitar maka da bayanan gwaji a Excel a gabanka, ka kuma ji kwana nawa suke ajiye kayanka in biya ya tsaya. Microsoft 365 na 'yan kasuwa, wato Office na haya, misali, kwana 90 yake riƙe su kafin a goge.

Saye ma ba aljanna ba ne. Abin da ka saya tsufa yake yi: Office 2016 da 2019, wato tarin manhajojin Microsoft irin su Word da Excel, an daina musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, kuma lasisin Office na saye kwamfuta ɗaya yake zama. Wani lokacin ma ba zaɓi, don tun 2013 Adobe ta daina fitar da sabon Photoshop na sayarwa. Duk wanda ya ɗora maka sabon Photoshop "na har abada" a kan kuɗin katin waya, ta sata ce, kuma sau da yawa da cutar kwamfuta (virus) take zuwa.

Da ni ne kai, Alhaji, Office 2024 zan saya, tunda buga wasiƙa da takardar makaranta ba ya buƙatar sabon salo duk wata. Manhajar zane ta CorelDRAW ma har yanzu ana sayar da shi gaba ɗaya, kuma shi ne jakin aikin shago irin naka. Photoshop kaɗai zan yi wa haya, lasisi ɗaya ga yaron da ya fi iya zane, ta wata ta gaskiya ko da ta fi tsada, da adireshin imel na shago, ba na yaron ba.