Dracaufeu shi kaɗai bai kai ni ko'ina ba: sharhina kan Pokémon Rouge Feu

Sau 4 Olga, ta farko cikin manyan 4 da ake karawa da su a ƙarshen wasan, ta koro ni daga ɗakinta a dare ɗaya. Ina zaune kan tabarma a ƙofar gidanmu a Birni, an ɗauke wuta tun bayan Isha'i, 'yan fadarmu sun sha shayi na uku sun watse, ni kuwa na ƙura wa ɗan allon nan ido ina ta huci. Dracaufeu, dodona mai wuta, yana mataki na 68. Duk dodannin matar nan babu wanda ya wuce mataki na 54. To ina aka samu matsala?

Bari in koma baya kaɗan. Na'urar Game Boy Advance SP ce, wadda ake ninkewa kamar ƙaramin madubin mata, na tsince ta wajen wani mai kayan lantarki na hannu a kasuwar Dole, da kaset ɗinta a ciki, jaka 15 bayan mun sha ciniki. Kaset ɗin Pokémon ne na Faransanci, Rouge Feu, wanda ya fito a 2004. Sabunta tsohon wasan farko ne da kamfanin Game Freak ya fitar a Japan a 1996, mai dodanni 151, wanda Satoshi Tajiri ya ƙago daga sha'awarsa ta kama ƙwari yana yaro. Wannan ya sa ni dariya, don mu ma mun kama fara da ƙadangaru a bayan duwatsun Birni, sai dai babu wanda ya yi arziki da su a cikinmu. Tunda kaset ɗin na Faransanci ne, sunayen da zan kira su ne na ciki. 'Yan'uwanmu na Kano da ke buga na Ingilishi su yi haƙuri: Dracaufeu shi ne Charizard ɗinku.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar faɗi. Kana yawo daga gari zuwa gari kana kama dodanni, amma 6 kawai za ka riƙe a jikinka, kowanne kuma dabarar faɗa 4 kawai yake iya riƙewa. Akwai jinsi 17 a wannan kaset, na 18 sai a 2013 aka ƙaro shi. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin tsiro, tsiro na shanye ruwa, lantarki ba ya yi wa na ƙasa komai. Idan ka bugi dodo da abin da yake tsoro, ɓarnar takan ninka sau 2. In jinsinsa biyu ne kuma duka biyun suna tsoron abin, sau 4. Sannan dodon da ya yi amfani da dabarar jinsinsa yana samun ƙarin rabi a kan ƙarfinta. Ka doke shugabannin garuruwa 8, ka karɓi lambobinsu, sai a buɗe maka ƙofar manyan 4 da zakaran ƙasa.

Ni dai Salamèche na zaɓa tun farko, ɗan ƙadangaren nan mai wuta a wutsiya wanda in ya girma yake zama Dracaufeu, kuma na ƙwallafa rai a kansa. Kowane faɗa shi, kowace gogayya shi. Pierre mai duwatsu, shugaban gari na farko, ya ɗan wahalar da ni, sai yaron nawa ya koyi Griffe Acier a mataki na 13, muka wuce. Ondine mai ruwa ta kayar da ni sau biyu, maimakon in nemo na tsiro ko na lantarki sai na koma daji na yi ta dukan ƙananan dodanni har ya fi ƙarfinta da tsiya. Daga nan na ɗauka na gano sirrin wasan. Sauran biyar ɗin da ke jikina 'yan dako ne kawai: wannan ya sare bishiya, wancan ya tura dutse, wani ya haye da ni ruwa. Babu wanda ya kai mataki na 30.

Abin da zan fara faɗa a kan wasan ke nan, kuma ban sani ba ko yabo ne ko suka: yana barinka ka yi wannan wautar har kusan ƙarshe. Kowane shugaban gari jinsi ɗaya yake riƙe, kuma asibitin dodanni na kusa, kyauta. Sai ka iso ƙofar ƙarshe dokar ta canja. Faɗa 5 a jere, ba komawa asibiti, sai maganin da ka sayo a jakarka. Lance-Flamme, babban makamin Dracaufeu, sau 15 kawai ake harba shi ya ƙare.

Washegari ɗan yayata ya zo, yaron da ke koleji, ya karɓi na'urar ya duba tawagata ya yi shiru. Can sai ya ce, "Kawu, ka gafarce ni, amma wannan ba ekip ba ce. Mutum ɗaya ne da 'yan rakiya."

Na ce ai an ce Olga ƙanƙara take riƙe, wuta kuwa na narka ƙanƙara.

"Ƙirga su, Kawu."

Muka ƙirga. Lamantine, ruwa da ƙanƙara. Crustabri, ruwa da ƙanƙara. Flagadoss, ruwa ne ma da ƙwaƙwalwa, babu ƙanƙara a jinsinsa. Lokhlass, ruwa da ƙanƙara. Lippoutou ce kaɗai ba ta da ruwa. Wato 4 cikin 5 na ruwa ne. Ribar da wutata ke samu a kan ƙanƙara, ruwan jikinsu na cinye ta, su kuwa in suka watso Surf, dabarar ruwa, ninki biyu yake shigar Dracaufeu. Tarko ne aka ɗana wa irina, kuma na yaba wa wanda ya ɗana shi. Ko a gasar takobin kokowa kowace jiha 'yan kokowa 10 take kaiwa, ba a taɓa jin Damagaram ta ce gwarzo ɗaya ya ishe ta ba.

Na koma gyara, nan ma na sake yin kuskure, wanda ya fi na farko koya mini abu. Na ɗauka daidaito shi ne a tara manya masu ban tsoro, kowanne da launinsa. Akwai Magicarpe da na saya 500 na kuɗin wasa tun a hanyar Azuria, kifin banza da ba ya komai sai tsalle, wanda in ya kai mataki na 20 yake rikiɗa ya zama Léviator. Na raine shi, na ba shi Surf, ina jiran abin mamaki. Bugun ya fito salam, kamar shayin da aka yi wa ruwa na huɗu. Dalili kuwa, a wasannin wancan lokaci jinsin dabara ne ke yanke ko da ƙarfin jiki za a auna ta ko da ƙarfi na musamman. Duk dabarun ruwa, wuta, lantarki, tsiro, ƙanƙara da ƙwaƙwalwa na musamman ne. Léviator kuwa ƙarfin jikinsa 125 ne, na musamman 60 kacal. Dodon ruwa ne da bai iya bugu da ruwa ba. Sai a wasannin Pokémon Diamant da Perle na 2006 aka raba abin dabara-dabara. Wannan shi ne babban aibin da na gani a kaset ɗin: abu ne da ke juya faɗa gaba ɗaya, amma in ba ka tsaya karanta bayanan da ke ɓoye a lungu ba, ko ba ka da ɗan yaya mai bincike a salula, sai ka gama wasan ba ka lura ba.

Ba shi ke nan ba. Yaron ya sa na ɗauko takarda muka ja layi, muka rubuta abin da kowanne ke tsoro. Dracaufeu: dutse sau 4, lantarki sau 2. Léviator: lantarki sau 4, dutse sau 2. Lokhlass ɗina, wanda wani ma'aikaci ke bayarwa kyauta a benen Sylphe a Safrania: lantarki da dutse, shi ma. Rabin tawagata ƙofa ɗaya ɓarawo zai shigo musu. A nan na fahimci abin da ake nufi. Ba yawan jinsi ake nema ba. Tambayar ita ce, idan aka fito da abin da ke kashe wannan, wa zan tura ya karɓi dukan a madadinsa ba tare da ya faɗi ba? Na ajiye Léviator da baƙin ciki, na koma kogon Taupiqueur kusa da Carmin sur Mer na ɗauko Triopikeur. Lantarki ba ya taɓa shi sam, dutse kuma rabi yake shigarsa. Ba shi da kyan gani, kawuna uku ne a cikin rami, jininsa ma kaɗan ne, amma ya toshe ƙofar.

Évoli da ke ɗakin saman wani bene a Céladopole na ba shi dutsen tsawa ya zama Voltali, mai gudu 130, kusan kullum shi ke fara bugu. Dabarar da ta dace da shi, Tonnerre, a gidan cacar garin ake karɓarta da kwabbai 4,000. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba, ba na son ganin injin caca a wasan da yara ke riƙewa. Sauƙin abin shi ne ana iya sayen kwabban kai tsaye ba tare da an taɓa injin ba, 500 a kan 10,000, wato 80,000 na kuɗin wasa. Haka na yi, na tsiyace, na samu kwanciyar rai.

Ronflex, ƙaton nan mai barci a tsakiyar hanya da sai an busa masa sarewa yake tashi, shi ya zama bangona. Duk lokacin da ban san abin yi ba shi nake turawa ya sha duka in samu sararin ba wani magani. In jininsa ya yi ƙasa ya yi Repos ya kwanta ya warke sarai, ni kuma in busa sarewar in tashe shi. Na shida Kadabra ne. Shi kam akwai takaici a kansa: ba ya rikiɗa zuwa Alakazam sai an yi musanyarsa da wani mai na'ura da kaset. A Zinder wa zan nema? Na tambaya a fadarmu, na tambaya a Zengu wajen masu gyaran salula, kowa ƙwallo yake bugawa a waya. Ya zauna a Kadabra, kuma ya yi aikinsa.

Kai su biyar ɗin zuwa wajen mataki na 50 ya ci mini kusan mako uku na dare. Abin da ya cece ni Cherche VS ne, 'yar na'urar da ake bayarwa a asibitin Carmin sur Mer, wadda ke sa mutanen da ka taɓa dokewa su sake neman faɗa. Duk da haka akwai gajiya, ba zan ɓoye ba. Wani abin haushin kuma dabarun hanya ne, irin su Coupe ta sare bishiya da Flash ta haska kogo: in ka koya wa dodo ba ya mantawa sai ka kai shi wajen wani mutum a Parmanie. Dracaufeu ya daɗe yana ɗauke da Coupe a gurbi ɗaya cikin huɗunsa saboda rashin sanina.

Daren da na koma, Dracaufeu bai fito ba sai a kan Lippoutou. Voltali ya share na ruwan Olga, sai Lokhlass ɗinta da ya jure bugu ɗaya ya rikita shi, na janye shi na tura Ronflex ya ƙarasa. Aldo ya zo da Onix biyu, dutse da ƙasa, Surf ya shige su ninki 4, 'yan dambensa uku kuma Kadabra ya ji da su. Wajen Agatha na ɗan yi tuntuɓe. Na san duk dodanninta 5 suna da dafi, dafi kuma na tsoron ƙasa, sai na tura Triopikeur. Ashe Ectoplasma a wannan kaset yana shawagi ne, bugun ƙasa ba ya samunsa. Na yi asarar juyi ɗaya da rabin jini kafin in dawo da Kadabra, wanda Psyko ɗinsa ke ninkawa a kan su biyar ɗin duka. Peter ya buɗe da Léviator, Voltali ya sauke shi da bugu guda, na ji wani iri don na tuna nawa da ke ajiye. Da Ptéra ya fito, mai jifa da dutse, ko kusa ban bar Dracaufeu ya leƙo ba. Dracolosse na mataki na 60 ya faɗi a hannun Lokhlass da Laser Glace, dabarar ƙanƙara, ninki 4. Zakaran ƙasa, abokin hamayyar nan mai raina mutane tun farkon wasa, ya kashe mini uku kafin Tortank ɗinsa na mataki na 63 ya faɗi. Wanda ya rage a tsaye da jini mai kauri Ronflex ne. Ihun da na yi sai da maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambayar ko lafiya.

Shin ya cancanci jaka 15? A wajena ya wuce haka. Ba ya cin intanet, ba ya neman a ƙara kuɗi a tsakiya, batirin kuma in ya cika yana kai ni dare biyu ko uku. Hoton tsoho ne, wanda ya saba da wasannin waya na yanzu zai raina shi a kallon farko. Ga mai koyon Faransanci kuma akwai riba, don karatu ne daga farko har ƙarshe. Wanda zai saya a kasuwa ya sa mai kayan ya kunna, ya ajiye wasa, ya kashe, ya sake kunnawa a gabansa, don kaset na jabu sun yi yawa kuma wajen ajiya suke fara ba da kunya.

Saura rigima ɗaya a gidanmu. Kaset ɗin wasa ɗaya kawai yake ajiyewa. Ɗan yayata yana so ya fara nasa da Bulbizarre mai jinsin tsiro, ya ce zai nuna mini yadda ake wuce Pierre da Ondine ba gumi, amma in ya ajiye nasa nawa ya goge, da Ronflex da kowa. Jiya ma ya zo ya zauna yana juya na'urar a hannu. Na ce masa ya bari sai bayan jarrabawa, ya ce, "Kawu, haka ka ce tun kafin azumi."