Gidan Rumfa da kewayensa: a tafi da ɗan gari

Duk mai niyyar ziyartar fadar Kano, wato Gidan Rumfa, ya nemi ja-gora ɗan cikin birni. Mu haka muka yi, kuma kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Bai fara kai mu fada ba, Gidan Makama ya nufa da mu. Nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau karagar mulki a 1463, yanzu kuwa gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Amma ni rufin sorayen ne ya ɗauke min hankali: bakan gizo na ƙasa da azara, ga sanyi a ciki duk zafin ranar da ake yi a waje. Magina na da sun san aikinsu.

Sai da muka fahimci waye Rumfa, sannan ya kai mu Ƙofar Kudu, mashigar fadar. Nan za ka gane fadar gida ce mai rai. Dogarai cikin ja da kore, fadawa na kai da komo, ga masu jiran kai gaisuwa. Baƙo yana tsayawa inda aka tsayar da shi, cikin gida na iyalin sarki ne, kuma hakan ya dace. Tun a hanya ja-goran ya koya mana ladabin wurin: inda ake tuɓe takalmi, yadda ake jinjina, da neman izini kafin ɗaukar hoto. Wannan kaɗai ya isa ladan aikinsa.

A marinar Ƙofar Mata mun daɗe. Har yau da baba da toka ake haɗa ruwan rini, marina na tsoma zane suna ɗagawa ya sha iska har shuɗin ya kama. Kasuwar Kurmi kuwa a gurguje ya ratsa da mu, nan ne kawai bai gamsar da ni ba.

Daga kan Dala muka hango badala, wato ganuwar birni, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu. Raina ya ɓaci ƙwarai: ruwan sama da gine-gine sun cinye wurare da yawa.

A fito da sassafe, a kauce wa lokacin sallar Juma'a saboda cunkoso. Mai son ganin dawaki ya zo washegarin Sallah, ranar Hawan Daushe.